Tarihin Awon Maganin Homon ga Mata Bayan Ɗaukewar Haila

Ɗaukewar haila, wato yankewar jinin al'ada gaba ɗaya, tana zuwa wa mafi yawan mata ne tsakanin shekara 45 zuwa 55 da haihuwa, kuma likitoci ba sa yanke hukuncin cewa ta tabbata sai mace ta yi wata goma sha biyu cur ba ta ga jini ba. Tushen lamarin yana cikin gidajen ƙwai biyu da ke gefen mahaifa, waɗanda idan ƙwayayen cikinsu suka ƙare sai su ja baya wajen samar da sinadarai biyu da ake kira estirojin da furojestaron. Waɗannan sinadarai suna cikin jinsin homon, wato sinadarin da wata gaɓa ke zubawa a cikin jini domin ya kai umarni ga wasu gaɓoɓi da ke nesa da ita, shi ya sa raguwarsu ba ta tsayawa a mahaifa kaɗai. Mace takan ji zafi ya taso mata kwatsam daga ƙirji zuwa wuya da fuska, gumi ya jiƙa mata tufa da tsakar dare har barci ya gagara, gabanta ya bushe har saduwa ta zama azaba, ƙashi kuma ya riƙa zaizayewa a ɓoye shekara da shekaru. Tunanin mayar wa jiki abin da ya rasa tsoho ne, kuma ba shi da wuyar fahimta. Abin da ya ɗauki masana fiye da shekara ɗari shi ne sanin adadin da za a bayar, da hanyar da zai bi ya shiga jiki, da shekarun da ya dace a fara, da lokacin da ya kamata a daina, kuma mafi yawan cutarwar da mata suka sha a cikin wannan tarihi ta samo asali ne daga ɗaukar awo ɗaya a ɗora wa kowace mace.

A ƙarshen ƙarni na 19 babu maganar awo ko kaɗan, domin ba a ma san sinadarin da ake nema ba. A shekarar 1889 wani dattijon masani a Faris mai suna Charles-Édouard Brown-Séquard, wanda ya kai shekara 72, ya sanar da cewa ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tace daga marainan karnuka da na ɓeran Masar, ƙarfinsa kuma ya dawo, wannan sanarwa kuwa ta buɗe kasuwar sayar da gaɓoɓin dabbobi a matsayin magani. Kafin ƙarnin ya ƙare kamfanin Merck yana sayar da garin busassun gidajen ƙwan shanu da sunan Ovariin ga matan da haila ta ɗauke wa. Ana auna nauyin garin, amma babu wanda ya san yawan sinadarin da ke cikinsa, ko ma akwai shi ko babu.

Matakin farko na gaskiya ya zo a 1923 a birnin St. Louis na Amurka, inda Edgar Allen da Edward Doisy suka gano cewa idan aka cire wa macen ɓera gidajen ƙwai sannan aka yi mata allurar ruwan da ke ɗauke da estirojin, ƙwayoyin fatar gabanta kan canja kama ta yadda za a gani ƙarara a madubin likita. Daga nan aka samu ma'auni, ko da yake na ɓera ne: ana ƙiyasta ƙarfin magani da mafi ƙarancin adadin da zai jawo wannan canji a jikin ɓera ɗaya, kuma tun da ɓerayen ɗakunan bincike sun sha bamban, ma'aunin wannan kamfani bai cika yin daidai da na wancan ba. A 1927 Selmar Aschheim da Bernhard Zondek a Berlin suka gano cewa fitsarin mace mai ciki cike yake da estirojin, aka samu inda za a tace shi da yawa, har a 1929 Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a nasa ɗakin, suka fitar da tsantsar nau'in farko mai suna estiron. An tace furojestaron a 1934. Sai daga wannan lokaci ne ya yiwu a ɗora sinadarin a sikeli a ce ga miligiram kaza.

Shekaru goma da suka biyo baya sun cika kasuwa da magunguna. A Kanada, James Collip na Jami'ar McGill ya tace wani estirojin da ake iya sha daga mabiyiya, kamfanin Ayerst ya sayar da shi da sunan Emmenin, amma yana da tsada. A 1938 masanan kamfanin Schering a Berlin suka haɗa etinil-estiradiyol, wanda daga baya ya zama ginshiƙin ƙwayar tsarin iyali, a wannan shekarar kuma Charles Dodds a Landan ya haɗa wani sinadari mai arha da ƙarfi da ake taƙaitawa DES, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1941. Amma maganin da ya mamaye fagen shi ne Premarin, wanda kamfanin Ayerst ya fito da shi a Kanada a 1941, a Amurka kuma a 1942. Ana tace shi ne daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma gauraye ne na nau'o'in estirojin aƙalla goma, wasu daga cikinsu, kamar ekwilin, na doki ne zalla, jikin mace ba ya yin irinsu. Ƙwayar da likitoci suka fi rubutawa a wancan zamani ita ce rawaya mai miligiram 1.25, akwai mai launin shunayya da ta ninka ta mai 2.5, akwai ja mai duhu mai 0.625, akwai kuma koriya mai 0.3. Ya kamata a lura da cewa 0.625, lambar da daga baya ta zama tamkar doka a duniyar likitanci, rabin 1.25 ce kawai. Lissafin masana'anta ne ya haife ta kafin wani bincike ya zo ya ba ta hujja.

A shekarun 1940 da 1950 likitoci da yawa suna bayar da estirojin ne da taka-tsantsan, na 'yan watanni, mako uku ana sha mako ɗaya ana hutawa, da niyyar a rage a hankali idan zafin ya lafa. Wanda ya sauya wannan tunani shi ne Robert Wilson, likitan mata a Brooklyn ta New York, wanda a littafinsa Feminine Forever na 1966 ya bayyana ɗaukewar haila a matsayin cutar rashi irin ta ciwon sukari, ya kuma yi kira da a ba kusan kowace mace estirojin har ƙarshen rayuwarta. Kamfanonin da ke sayar da homon sun tallafa wa gidauniyarsa da kuɗi. Littafin ya yi kasuwa, kuma dole a yi masa adalci a ce ya tilasta wa likitoci sauraron koken da suka daɗe suna ɗauka raki ne na mata, amma ya yi hakan ne ta hanyar siffanta dattijuwa a matsayin wadda ta lalace, kuma bai kawo gwajin da ke nuna cewa shan maganin shekara ashirin ba shi da illa ba. Gargaɗi kuwa akwai shi tun da wuri. Antoine Lacassagne ya nuna a Faris a 1932 cewa estirojin na haddasa sankarar mama a jikin ɓeraye, Saul Gusberg a New York ya danganta shi da kumburin shimfiɗar mahaifa a 1947, sannan wani babban gwaji da aka yi a kan maza masu ciwon zuciya a Amurka, inda aka ba wasu miligiram 5 na irin estirojin ɗin Premarin a kullum wasu kuma 2.5, ya gamu da cikas: an dakatar da rukunin farko a 1970 saboda ƙaruwar bugun zuciya da daskarewar jini, na biyu kuma a 1973.

Watan Disambar 1975 ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. Mujallar likitanci ta New England ta buga bincike biyu a fitowa ɗaya, ɗaya na Harry Ziel da William Finkle daga Los Angeles, ɗaya na Donald Smith da abokan aikinsa daga Seattle, dukansu suna nuna cewa matan da ke shan estirojin sun fi sauran kamuwa da sankarar shimfiɗar mahaifa ninki huɗu da rabi zuwa sama da bakwai, kuma a lissafin Ziel da Finkle haɗarin ya kusa ninki goma sha huɗu ga waɗanda suka kai shekara bakwai suna sha. Bayanin abin a fili yake ga wanda ya san aikin sinadaran biyu. Shimfiɗar mahaifa ita ce fatar cikin mahaifa wadda ke kauri kowane wata domin karɓar ciki. Estirojin ne ke sa ta tsiro, furojestaron kuma shi ke tsayar da tsiron ya nunar da ita, idan ciki bai shiga ba ta zube a matsayin haila. Ba wa mace mai mahaifa estirojin shi kaɗai shekara da shekaru daidai yake da zuba wa shuka taki ba tare da an taɓa yi mata sassabe ba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa haɗarin na ƙaruwa da girman awo da kuma tsawon lokacin sha. Cinikin estirojin a Amurka ya faɗi da kusan rabi kafin 1980, hukumar FDA kuma ta wajabta sanya takardar gargaɗi ga majinyata a cikin kwalin maganin.

Abin da ya ceto maganin shi ne haɗa shi da furojestin, wato sinadarin da aka ƙera domin ya yi aikin furojestaron. Binciken Malcolm Whitehead a Landan da Don Gambrell a Amurka da wasu ya nuna cewa yawan kwanakin da ake shan furojestin yana da muhimmanci kamar yawan miligiram ɗinsa: kwana bakwai a wata ba su isa su kare mahaifa sosai ba, sai an kai goma sha biyu zuwa sha huɗu. Daga nan tsari biyu suka fito waɗanda har yau ake bi. A na farko mace na shan estirojin kullum, furojestin kuma kusan rabin wata, sai ta riƙa ganin jini kamar na al'ada; a na biyu tana shan duka biyun kullum da ƙaramin awon furojestin, jinin kuma ya ɗauke bayan 'yan watanni. Macen da aka cire wa mahaifa ba ta buƙatar furojestin ko kaɗan.

A daidai wannan lokaci maganar ƙashi ta shigo. Fuller Albright a Boston ya danganta zaizayar ƙashi da rashin estirojin tun 1940, Robert Lindsay kuma ya nuna a Glasgow a 1976 cewa estirojin na hana ƙashi zaizayewa ga matan da aka cire wa gidajen ƙwai. A 1984 Lindsay da abokan aikinsa suka buga sakamakon da ke cewa miligiram 0.625 shi ne mafi ƙarancin awon da ke kare ƙashi. Wannan hukunci ya samu karɓuwa fiye da ƙarfin hujjarsa, domin Bruce Ettinger ya nuna a 1987 cewa 0.3 ma na kare ƙashi idan an haɗa da sinadarin kalsiyam, amma jar ƙwayar ta riga ta zauna. Awon da aka tsayar domin ƙashi ya zama shi ake ba mai fama da zafi, da mai fama da bushewar gaba, da wadda ba ta da wani koke sai dai ana fatan kare mata zuciya, 'yar shekara 48 da 'yar shekara 70, siririya da mai jiki.

Wata hanya dabam ta buɗe a Turai ba tare da an ba ta muhimmancin da ta cancanta ba. Duk ƙwayar da aka haɗiya sai ta bi ta hanta kafin ta shiga sauran jiki, hanta kuwa idan estirojin mai yawa ya sauka mata a lokaci ɗaya sai ta ƙara samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare. Idan ta fata ya shiga, yana wucewa cikin jini kai tsaye a hankali, ba tare da wannan ɗauki ba. Likitocin Faransa sun fara amfani da man shafawa mai ɗauke da estiradiyol, wato ainihin nau'in estirojin da gidan ƙwan mace ke yi, tun shekarun 1970, sannan a 1986 aka amince da filastar Estraderm a Amurka, wadda ake mannawa a fata tana sakin maikurogiram 50 ko 100 a kullum, maikurogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram.

Fatan kare zuciya shi ya kai maganin ƙololuwa. Binciken lafiyar ma'aikatan jinya na Jami'ar Harvard, wanda ya fara a 1976 da mata 121,700, ya ruwaito a 1985 cewa masu shan estirojin sun fi sauran ƙarancin ciwon zuciya da kusan rabi, duk da cewa binciken Framingham da aka buga a fitowa ɗaya da shi ya nuna akasin haka. Irin wannan bincike na sa ido ne kawai, ba ya raba mata ta ƙuri'a, kuma matan da suka zaɓi shan homon sun fi sauran ilimi da wadata da kula da lafiya tun asali. Duk da haka a 1992 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar a duba yiwuwar ba kowace mace maganin bayan ɗaukewar haila, Premarin ya shiga sahun magungunan da aka fi rubutawa a ƙasar, kuma kafin 1999 takardun magani na homon sun kai miliyan 90 a shekara ga mata kusan miliyan 15. Gwajin PEPI na 1995, mai mata 875, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mahaifa da suka sha 0.625 shi kaɗai shekara uku sun samu kumburin shimfiɗa mai haɗari, abin da ya rufe ƙofar ba wa mai mahaifa estirojin shi kaɗai har abada. Gwajin HERS na 1998 kuma, mai mata 2,763 masu ciwon zuciya, bai samu wata kariya ba, sai ma ƙaruwar bugun zuciya a shekarar farko.

Gwajin da ya girgiza duniya shi ne na shirin lafiyar mata da ake taƙaitawa WHI, wanda Bernadine Healy, mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar Amurka, ta ƙaddamar a 1991. An ɗauki mata 16,608 masu mahaifa 'yan shekara 50 zuwa 79, aka raba su biyu ta ƙuri'a, rabi suna shan Prempro, wato miligiram 0.625 na estirojin ɗin goɗiya haɗe da 2.5 na furojestin mai suna medirokzi-furojestaron, rabi kuma ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki. An tsara ya yi shekara takwas da rabi, amma aka tsayar da shi a watan Yulin 2002 bayan shekara biyar da 'yan watanni. Kafafen yaɗa labarai sun ɗauki cewa sankarar mama ta ƙaru da kashi 26 cikin ɗari, ciwon zuciya da 29, shanyewar ɓarin jiki da 41, waɗannan alƙaluma kuwa gaskiya ne, sai dai ma'anarsu a ƙidayar mutane ita ce, a cikin kowaɗanne mata 10,000 da suka sha maganin shekara guda, an samu ƙarin mata 8 masu sankarar mama, 7 masu ciwon zuciya, 8 masu shanyewar ɓarin jiki da 8 da gudan jini ya toshe wa huhu, an kuma samu ragin 6 a sankarar hanji da ragin 5 a karayar ƙugu. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, kashi biyu cikin uku sun kai 60 ko sun haura, kuma da gangan ba a ƙarfafa wa masu fama da zafi mai tsanani shiga ba, tun da rabi za su tashi da ƙwayar da ba magani. Tambayar da aka gina gwajin a kanta ita ce ko wannan awo na wannan haɗi zai kare tsofaffin mata daga cututtuka, ya kuma amsa ta da kyau cewa a'a. Tambayar 'yar shekara 51 da gumi ya hana barci ba ita aka yi ba, amma ita ce ta fi ɗaukar nauyin amsar.

Ɗaya reshen gwajin, mai mata 10,739 da aka cire wa mahaifa suna shan estirojin shi kaɗai, an tsayar da shi a 2004 saboda ƙaruwar shanyewar ɓarin jiki, amma a cikinsa sankarar mama raguwa ta yi, abin da ya karkata zargi ga furojestin ɗin. Wannan labari bai samu amo irin na 2002 ba. Binciken mata miliyan ɗaya da Valerie Beral ta jagoranta daga Oxford ya riga ya fito a 2003 da sakamakon da ke ƙarfafa alaƙar haɗin biyu da sankarar mama, cinikin Prempro a Amurka ya faɗi da kashi 66 cikin ɗari cikin shekara guda, kuma yawan sabbin masu sankarar mama a ƙasar ya ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari a 2003, abin da masana da dama suka danganta da daina shan maganin. A farkon 2003 hukumar FDA ta sanya gargaɗi mafi tsanani a kan duk magungunan estirojin, ta kuma kafa ƙa'idar cewa a ba da mafi ƙarancin awo na mafi gajeren lokaci.

Ƙa'idar tana da alherinta. Gwajin HOPE na 2001 ya riga ya nuna cewa 0.45 da 0.3 na rage zafi sosai, a 2003 aka amince da Prempro mai waɗannan ƙananan awo, a 2004 kuma da filasta mai sakin maikurogiram 14 kacal domin kare ƙashi. Sai dai gajeren lokaci ba shi da ma'ana ɗaya ga kowa, domin binciken SWAN ya nuna a 2015 cewa zafi da gumin dare kan ɗauki shekara 7.4 a matsakaici, ga baƙaƙen fatar Amurka kuma 10.1. Haka nan an manna gargaɗi iri ɗaya a kan ƙwayar da ake sakawa a gaba domin bushewa, wadda awonta maikurogiram 10 ne, kullum na mako biyu sannan sau biyu a mako, jimillar shekara guda ba ta wuce miligiram ɗaya da 'yan kai ba, wato kusan abin da mai shan ƙwayar baki ke haɗiya a rana ɗaya. Mata masu yawa sun haƙura da ciwon da ke da magani saboda tsoron haɗarin da bai shafi abin da aka rubuta musu ba, likitocin da suka yi karatu a waɗannan shekaru kuma da yawansu sun fito ba su ƙware a rubuta maganin ba.

Gyara ya zo a hankali. Sake nazarin alƙaluman WHI a 2007 ya nuna cewa haɗarin zuciya ya taru ne a kan waɗanda suka fara sha shekaru masu yawa bayan ɗaukewar haila, waɗanda suka fara cikin shekara goma na farko kuwa ba a ga ƙaruwarsa a kansu ba. Binciken ESTHER na Faransa ya nuna cewa ƙwayar baki na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, ta fata kuwa ba a ga hakan ba, wani binciken Faransa mai suna E3N kuma ya nuna cewa furojestaron irin na jiki ya fi furojestin ɗin da aka ƙera sauƙin haɗari ga mama, ko da yake dukansu biyu na sa ido ne. Gwajin KEEPS, mai mata 727 da haila ba ta daɗe da ɗauke musu ba, ya gwada 0.45 ta baki da filastar maikurogiram 50, ya samu sauƙin alamomi ba tare da wani tasiri a kan kaurin jijiyar wuya ba, gwajin ELITE na 2016 kuma ya samu cewa miligiram 1 na estiradiyol ya rage saurin kaurin jijiyar ga waɗanda ba su kai shekara shida da ɗaukewar haila ba, bai yi hakan ga waɗanda suka haura goma ba. A 2017 bibiyar matan WHI ta shekara 18 ta nuna babu bambanci a yawan mace-mace tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Haɗarin mama dai bai gushe ba: wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa shan haɗin biyu kullum na shekara biyar daga shekara 50 na jawo ƙarin sankara ɗaya a cikin mata 50 a tsawon shekara ashirin, ɗaya cikin 70 idan furojestin na rabin wata ne, ɗaya cikin 200 idan estirojin ne kaɗai.

Tsarin da ake bi a yau ya fito ne daga waɗannan darussa. Ana ganin amfanin maganin ya rinjayi haɗarinsa ga macen da alamomi suka dama, idan ba ta kai shekara 60 ba ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar haila ba, kuma ba ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko ciwon hanta mai tsanani ba, ba ta kuma da zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Awon da aka saba na estiradiyol ta baki miligiram 1 zuwa 2 ne, ƙarami 0.5, ta filasta maikurogiram 50 ne matsakaici, 25 ƙarami, 75 zuwa 100 babba, mai mahaifa kuma dole ta haɗa da furojestaron miligiram 100 kowane dare, ko 200 na kwana 12 zuwa 14 a wata, ko a saka mata robar mahaifa mai sakin furojestin. Likita kan fara da ƙarami ko matsakaici, a sake zama bayan wata uku, sannan sau ɗaya a shekara, kuma sauƙin da mace ke ji shi ne ma'aunin ƙari ko ragi, ba gwajin jini ba a mafi yawan lokuta. Ana fifita hanyar fata ga mai ƙiba da mai haɗarin daskarewar jini. Wadda haila ta ɗauke wa kafin shekara 40 hukuncinta dabam ne, domin takan buƙaci awo mafi girma har ta kai shekarun da haila ke ɗaukewa bisa al'ada, wajen 51, saboda kare ƙashi da zuciya. Ƙungiyar masana ɗaukewar haila ta Arewacin Amurka ta sauya lafazin ƙa'idar 2003 a shekarar 2017, ta koma maganar awo da hanya da tsawon lokacin da suka dace da kowace mace.

A Birtaniya, bayan hukumar NICE mai tsara jagororin kiwon lafiya ta fitar da jagoranta a 2015, buƙatar maganin ta ƙaru har man shafawa ya yi ƙaranci a kantunan magani a 2022, tsohuwar matsalar kuma ta sake ɗago kai ta wata fuska, inda wasu likitoci masu zaman kansu suka riƙa rubuta estirojin sama da awon da aka ba lasisi, ƙungiyar masana ɗaukewar haila ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa duk ƙarin estirojin yana buƙatar ƙarin furojestaron daidai da shi, wato darasin 1975 ke nan. A watan Nuwamban 2025 hukumar FDA ta sanar da cire mafi yawan gargaɗi mai tsanani na 2003, ta bar na sankarar mahaifa ga mai shan estirojin shi kaɗai. Manyan gwaje-gwajen da aka gina duk waɗannan hukunce-hukunce a kansu an yi su ne a Amurka da Turai, mafi yawan matan cikinsu fararen fata ne, kuma har yanzu ba a yi gwaji mai girman WHI a kan estiradiyol ta fata haɗe da furojestaron irin na jiki ga mata 'yan shekara hamsin ba, alhali shi ne haɗin da likitoci da yawa suka fi fifitawa a yau.